Shekarar da Alƙalamin Kumandan Ya Ƙi Tawada

Shekaran jiya wani saurayi daga cikinku ya kawo mini tsohon alƙalamin kakansa, irin mai shan tawada da muke ce wa istilo, wai in duba masa don ya ƙi rubutu. Na buɗe na tarar ya ɗura masa tawadar hatimi, ya kuma yi ta buga bakinsa a tebur, kamar yadda kuke yi wa bik ɗinku, alƙalamin roban nan na zamani, in ya shaƙe. Da na yi faɗa sai ya ce da ni, “Baba, ai tawada tawada ce.” Abokansa suka yi dariya, har wani ya ce shi bai ga abin koyo a cikin zuba baƙin ruwa a kara ba. To, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Ni dai na fi shekara arba'in ina haɗa tawada da alƙalami a garin nan na Magarya, har sunana ya koma Habu Tawada, kuma da yawa daga cikin haɗin da na yi da hantsi sun watse kafin azahar.

Aikin farko da na yi a sana'ar nan ɗaukar kashin maƙera ne. Gwani Kyari, wani Babarbare da ya zo daga gabas yana rubuta Alƙur'ani a takarda, shi ya karɓe ni, kuma wata uku ban taɓa alƙalami ba. Kullum in je maƙera in tsinto ƙurar ƙarfen da wuta ta tofar, in kakkaɓo ƴaƴan bagaruwa, in jiƙa, in dafa, in tace. Wannan ita ce yambari, tawadar takarda, wadda in ta kama ta kama ke nan. Ta allo daban take, gawayi ne da ƙaro, an yi ta ne don a wanke. Gwani ba ya yarda da ido. Sai ya sa in ɗanɗana, in gaya masa ko ta nuna. Ranar da na yi kuskure na zuba masa ta allo a kurtunsa, ya rubuta rabin shafi kafin ya gane, bai doke ni ba. Ya sa ni na zauna a gabansa na fiƙe alƙalamin gamba guda talatin, yana karɓa yana karyawa ɗaya bayan ɗaya, har yatsana ya fashe. A ranar ya gaya mini abin da na ci abinci da shi har tsufana: tawada mai kauri tana son baki mai faɗi, mai ruwa tana son baki tsukakke, kuma alƙalami ake gyarawa don tawada, ita ba ta canza halinta don kowa.

Bariki kuwa da tsintsiya na shige ta. An ɗauke ni planto, ɗan aike mai sharar biron kumandan, inda ake shari'a da rubuce-rubucen mulki. Na tarar da gidajen tawadar akawuna sun zama maƙabartar ƙudaje. In tawada ta kafe sai su ƙara mata ruwan rijiya, ruwan rijiyar bariki kuwa da kanwa a cikinsa, washegari tawadar ta tsinke, tuƙa a ƙasa, ruwa a sama. Na fara ajiye ruwan sama a tulu ba wanda ya sa ni. Cikin wata guda aka daina zagin takarda a biron nan, aka karɓe tsintsiya daga hannuna aka ba ni akwati. A cikinsa akwai gashin zabo na share maƙogwaron alƙalami, da rabin reza, da farin tsumma na tata, da wani lallausan dutse na goge kaifin baki, da kwalabe huɗu. Da shi na yi wa tafinta aiki, da mushen lekol, wato malamin makarantar boko, wanda yaransa ke cin bakin alƙalami kamar rake, da likita mai rubutu kamar kaza ta bi ta kan toka, da fataken gyaɗa da suke sayen istilo don a ga marfinsa a aljihu. Ɗaya daga cikinsu shekara biyu yana kawo mini nasa wanki, bai taɓa zuba masa tawada ba.

Sai ku san yadda istilo yake, tunda ku ba ku taɓa buɗe komai ba sai baki. Yana da tumbi na roba inda tawada ke kwana, da harshe, wani ɗan baƙin abu mai siririn kwari da tawadar ke bi, sannan bakin ƙarfe a bisa harshen. In kwarin ya yi wa tawada kaɗan sai ta tsaya, in ya yi mata yawa sai ta yi amai a takarda. Duk sana'ar a nan take, tsakanin tsayawa da amai.

To, lokacin babban yaƙin Turawa, da Faransi da Ingilishi suka ɓata aka rufe mana iyakar kudu, aka kawo mana wani kumandan da gari ya sa wa suna Mai Allura. Sunan daga alƙalaminsa ya fito. Baƙin istilo ne mai bakin zinariya siriri, surukinsa ya ba shi, kuma sa hannunsa da shi kamar an ja zare a kan takarda. Ba ya sa hannu da wani alƙalami. An ce a garin da ya baro ya taɓa gwada na tsomawa irin na akawuna, tawada ta ɗigo masa a farin wando gaban gardawa, ƴan sandan bariki masu jar hula, tun daga ranar ya rantse. Ya zo da kwalbar tawadarsa daga ƙasarsu, ni nake ɗura masa ran Litinin, yana tsaye a kaina kamar ina yi wa ɗansa kaciya. Da bazara kwalbar ta ƙare.

Abin da aka aiko mana daga Damagaram a madadinta gari ne a cikin gwangwani, wai a dama da ruwa. Tawadar yaƙi muka sa mata suna. Ban taɓa ganin mai mugun hali irinta ba. Da sanyin safiya ta yi kauri, rana ta ɗaga ta bushe a baki kafin ka kai ƙarshen layi, in hadari ya haɗo ta yaɗu a takarda. Ta cinye bakin alƙaluman akawuna da tsatsa, amma su da yake tsomawa suke yi, suna lallaɓawa. Na zuba ta a istilon kumandan, ya rubuta rabin sunansa ya ɗauke wuta. Na wanke, na tace, na sake zubawa, haka. Na bi duk istilon da ke garin nan da ita. A na likita ta yi amai, a na mushe ta tsaya, na tafinta kuwa ta toshe shi har sai da na jiƙa shi kwana biyu.

Alƙalami ɗaya tak ta yarda da shi, nawa. Wani ƙaton istilo ne mummuna, ruwan ƙasa, da na saya a kasuwar Kano tun ba a rufe iyaka ba, harshensa mai kwari kamar magudana, bakinsa kamar na agwagwa. Na zuba masa tawadar yaƙi don in cika gwaji, sai ga ta tana tafiya lafiya lau, safe da rana, ba tsayawa ba amai. Na yi murna irin ta mai sana'a, sannan na tuna a jikinsa an rubuta ƙasar da aka ƙera shi. A lokacin ashanar Ingilishi aka kama ka da ita sai ka kwana a kaso, wato kurkukun bariki. Na naɗe shi a tsumma na cusa a jinkar ɗakina, ban gaya wa kowa ba.

Mai Allura ya daina sa hannu. Ya buga waya Damagaram, aka ce su ma ita suke sha. Takardu suka fara taruwa a teburinsa, aka ɗora musu dutse. A cikinsu akwai takardar aikin tilas, mai ɗauke da sunayen majiya ƙarfin ƙauyuka daga Sassumbrum har Waca, waɗanda za a kwasa gyaran hanyar mota a daidai faɗuwar damina. Ba sa hannu, ba mai aika ta ga sarakuna. Magarya ba ta taɓa samun hutu irin na makonnin nan ba. Kowa ya san dalili, don bangon bariki kunnuwa gare shi. Ni da ba a gaishe ni sai ga Sarkin Fawa yana aiko mini da hanta. Masu unguwa su tare ni a hanya su tambayi jikin alƙalami, in ce da sauƙi kaɗan, su ce, “Subhanallahi, kada dai ka gaggauta masa, ciwo a hankali yake fita.” Wani dattijo daga Waca ya kawo mini zabi biyu, ya ce a ƙauyensu ana ta roƙo, bai dai faɗi abin da ake roƙon ba.

Ina cikin cin hanta wata tsohuwa ta fara zama a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar bariki. Sunanta Hajo, daga wani ƙauye kudu da Dungas. Kullum tana nan da ƙwarya rufe da faifai a cinyarta, ba ta bara, ba ta magana da kowa. Tafinta Sule ya ba ni labarinta. Ɗanta Nomau jakinsa ya tsinke ya yi kudu, shi kuma jaki ba a karanta masa dokar iyaka ba. Nomau ya bi sawu ya kamo abinsa a ƙasar Ingilishi, yana dawowa gardawa suka kama shi. Kumandan ya yanke masa kwana goma sha biyar. A zamanin nan shiga kaso da baki ake yin ta, kumandan ya faɗa an gama, fita kuwa sai da takarda mai sa hannu da hatimi. Kwanakin Nomau sun cika tun sati uku da suka wuce, takardar sakinsa akawu ya rubuta ta, tana ƙarƙashin dutse. Shi kaɗai ne namiji a gidansu, sai mata da ƙananan yara uku. Jakin ma an sallame shi tuni, shi ba ya bukatar takarda.

Ran nan na fito da akwatina ta kira ni.

“Ɗan nan, an ce kai ne mai maganin alƙalamin Nasara.”

Na ce ni ne, Inna, ana dai ƙoƙari.

Ta ɗaga faifan, na ga gero ne tsaba, zaɓaɓɓe. Ta ce, “Irinmu ne. An yi ruwan shuka sau biyu, gonarsa ko sassabe ba a gama ba. In na uku ya wuce yana ciki, sai dai mu daka wannan mu sha, mu jira abin da Allah zai yi. Na zo da shi ne don ranar da ya fito kada ya ce zai biya wani wuri.”

Na tuna hantar Sarkin Fawa, kunya ta kama ni. Maganin yana cikin jinkar ɗakina. Amma in alƙalamin nan ya warke, ba takardar Nomau kaɗai zai sa wa hannu ba, har da wadda za ta kwashe mazan ƙauyuka daga gonakinsu. Gaba kura baya siyaki. Na je na sami Tafinta Sule, wanda hatimi ke hannunsa, mutum mai tsoron Nasara da rana, mai zaginsa da la'asar. Na gaya masa akwai wata dabara. In na wanke istilon da ruwan sama mai ɗumi, na tace tawadar sau uku, na tsinka ta da ruwa, za ta yi rubutu layi biyu ko uku kafin tuƙar ta sake toshe harshen. Alƙalami zai farfaɗo na ɗan lokaci ya sake suma. Abin da ya rage shi ne takardar Nomau ta kasance a sama.

Muka yi haka. Na kai alƙalami a kan farin tsumma, Sule ya ɗaga dutse, ga takardar Nomau a bisa. Mai Allura ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina. Sai ya miƙo hannu a ba shi takardar gwaji. Wannan ban yi tunaninta ba, alhali ni na koya masa al'adar. Ya sa hannu a kanta, ya fito siriri tas. Ya yi murmushi ya sake. Ya kira akawu ya zo ya gani, ya sake. Ina tsaye ina ƙirga kwanakin Nomau suna zuba a kan takardar banza. Sau shida ya rubuta sunansa yana sha'awar kansa, sannan ya jawo takardar sakin, ya ɗora baki, alƙalami ya ce bai san zance ba. Zagin da na sha ranar Sule bai fassara shi duka ba, ya ce wani ba shi da Hausa.

Kwana biyu bayan haka hadari ya fara haɗuwa a gabas da rana tsaka. Hajo ta dube shi, ta dube ni. Na koma wurin Sule na ce a sake, amma wannan karon kumandan da kansa zai miƙo hannu ya karɓi takardar a matsayin ta gwaji. Lokacin takarda ma ta yi wuya, a wutsiyar tsofaffin takardu muke gwaji. Na ɗauki takardar Nomau na ninke ta, rubutun akawu ya shige ciki, farin gindinta kaɗai ya rage a waje, faɗin yatsa uku, wurin sa hannu ɗaya. Tawadar kuma ban tsinka ta kamar ta farko ba, na bar ta yadda ba za ta wuce numfashi biyu ba. Sule ya ce in aka gane, shi bai taɓa ganina ba. Na ce ai ba sata muka yi ba, mutum ya gama kwanakinsa, Nasara ne ya rubuta dokar. A saman tarin ya ɗora wasiƙar da kumandan ya sa aka rubuta zuwa Damagaram ta ƙorafin tawada.

Mai Allura ya karɓi alƙalami, ya miƙo hannu, na ajiye masa ƴar takardata ina danne da gefenta da yatsa kamar mai ladabi. Ya ja zarensa, sunansa ya fito cif. Ya nemi wurin na biyu bai samu ba, ya ture ta, na ɗauke na sa a aljihu. Ya jawo wasiƙar ƙorafi, ya rubuta harafi biyu, alƙalami ya suma. Sai ya miƙe tsaye, wuyansa ya yi ja. Sule ya fassara mini a hankali: kumandan ya ce sau biyu ina yi masa wasa da hankali, kwana goma sha biyar.

Kafin gardawa su tafi da ni na zura wa Sule takardar, ya buga mata hatimi a bayan ƙofa. Babban gardi ya karɓa, ya duba zaren nan da ya sani, ya buɗe kaso ya miƙa wa Nomau takardarsa. A ƙofar kaso muka yi kiciɓis da Nomau, yana fita ina shiga. Dogo ne, ramamme, bai san ni ba, har ya ce mini Allah ya kawo sauƙi. Ta tagar ƙarfe na hango uwarsa ta miƙe, ta ɗora masa ƙwaryar a hannu ko gaisuwa ba su gama ba, ya kama hanyar gabas da sauri. Da la'asar ruwa ya sauka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ɗakin kason ma yoyo yake yi.

Sai da na kwana uku sannan lissafin ya zo wa kumandan, ni kuwa tun a ƙofa ya zo mini. Ya rufe mutum ɗaya da zai gyara alƙalaminsa, kuma ba zai iya sakinsa ba sai da alƙalamin. Da baki ba a fita, doka ce, shi kuma Mai Allura bai taɓa karya doka ba sai in ba a rubuta ta ba. Aka aiko mini da akwatina da istilon da gwangwanin gari har cikin kaso, gardi ɗaya yana gadina, ɗaya yana gadin alƙalami. Sule ya zo da saƙo: ranar da ya yi rubutu, ranar zan fita.

Na ce to. Na ce a gaya wa kumandan tawadar tana son ruwan sama da bai taɓa rufin kwano ba, a tara mini. Aka tara. Na ce sai ya kwanta kwana bakwai. Ya kwanta. Na ce a dama garin a bar shi a inuwa wani bakwai ɗin. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, tawada tana son haka, sai dai ko an yi mata ba za ta bi ta harshen nan ba. Kwanakina goma sha biyar suka cika suka wuce, akawu ya rubuta takardar sakina, ita ma ta shiga ƙarƙashin dutse. Kada ku ɗauka daɗi nake ji. Kuɗin cizo ya ci ni, ƙafata ta kumbura, matata ta aiko tana tambaya ko alƙalamin ne ya aure ni. Sau da yawa na yi niyyar in ce a ɗauko abin da ke cikin jinka a huta.

Hajo ba ta bi ɗanta ba. Ta ce ƙafarta ba za ta iya saurinsa ba, ta zauna gidan wata ƴar'uwarta a Magarya, kullum da azahar ta kawo mini fura. Ita ce jaridata. Ran kasuwa ta ji labarin ƙauye ta kawo: Nomau ya yi shuka, ta fito. An fara noman fari a Waca. Sassumbrum sun gama, sun shiga maimai. Ban taɓa gaya mata abin da nake jira ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ranar da na cika kwana arba'in da ɗaya ta ajiye ƙwarya ta ce, “Ɗan nan, an gama maimai ko'ina. Gero ya rufe ƙasa, yanzu ko ba mai gona zai yi.” Na ce to Inna, ki je gidana ki ce wa mai ɗakina ta laluba jinka daidai saman ƙofa.

Washegari istilon Kano ya shigo kaso a ƙarƙashin faifan fura. Na ce wa gardin alƙalami aikin yau ba ya son inuwar mutum, ya matsa. Na zare bakin zinariya da harshen istilon kumandan, na zare na nawa. Harshen Kano ya yi wa gangar alƙalamin kumandan kauri, na yi ta kankare shi da reza ina gwadawa, daga azahar har la'asar, sannan ya zauna. Bakin zinariyar na mayar a bisansa, don ido shi yake gani, na ɗan buɗa tsagarsa da gefen reza gwargwadon silin gashi. Na ɗura tawadar yaƙi yadda take, ba tsinkawa. Na rubuta bisimilla a bayan hannuna, ta tafi kamar an biya ta. Alƙalamina na Kano kuwa ya mutu ke nan, shi na fi so a duk abin da na mallaka.

Mai Allura ya lura zarensa ya ɗan yi ƙiba, na ce halin tawadar yaƙi ne. Bai nemi takardar gwaji ba, ya ce shi ya daina yarda da ita. Ya zauna ya yi ta sa hannu har hannunsa ya gaji, takardar aikin tilas tana cikin na farko, tawa ita ce ta ƙarshe. An kwashi maza aikin hanya, har da Nomau, wannan ban iya hanawa ba. Amma sun bar gonaki a nome, kuma an sako su kafin girbi. Shekara biyu kumandan nan yana ɗaure masu ashanar Ingilishi da harshen Ingilishi a cikin alƙalaminsa. Ranar da zai tafi ya ɗaga shi a gaban akawuna ya ce su duba aikin ƙasarsa, zafin Afirka ma bai iya da shi ba. Sule ya fassara, ni na fi kowa gyaɗa kai.

Geron Nomau bai kai na maƙwabta ba, shukar baya ce, amma ya kai su wata daminar. Da kaka ya zo ƙofar gidana da dami ɗaya a kan jakin nan mai laifi, uwarsa ta gaya masa komai. Haka ya riƙa yi duk shekara, bayan rasuwar Hajo ma bai fasa ba.

Bayan Nasara ya tafi, na bar bariki na kafa tebur a ƙofar gidan waya ina rubuta wa mutane wasiƙa. Wata rana Nomau ya zo, gemunsa ya yi fari, ya ciro wata laya daga wuyansa. Ashe takardar sakin nan ya kai wa baduku ya ɗinke masa ita, shekara ashirin tana jikinsa, don kada wani gardi ya tare shi ya ce gudu ya yi. Fatar ta tsage, yana so in duba masa kafin a sake ɗinkewa. Na warware ta a hankali. Rubutun akawu yana nan ya koma ruwan ƙasa, hatimin Sule yana nan. Wurin sa hannu kuwa fari fat. Tawadar da na tsinka da ruwan sama ta yi aikin yini ɗaya da na sa ta, ta kama gabanta.

Na gaya masa. Ya duba hanyar bariki, inda yanzu ƴaƴanmu ne ke zaune a biro.

“Malam Habu, wato a takarda har yau ina ciki?”

Na so in yi dariya, na ga shi ba wasa yake yi ba. Na ce masa ya zauna. Na buɗe akwati na ɗauko kurtun yambari irin ta Gwani Kyari, na fiƙe alƙalamin gamba mai faɗin baki, don ita shi take so. Ya tambaye ni ko nawa sa hannun zai karɓu.

Na ce, “Kwana arba'in da biyu na yi a ɗakin da ka bari. In akwai wanda ya fi ni ikon sa hannu a takardar nan, ya zo ya karɓi alƙalamin.”

Na rubuta Habu Tawada a inda Mai Allura ya ɓace, na busa ta ta bushe, ya ninke ya tafi wurin baduku. Da ya rasu ƴaƴansa suka buɗe layar, suka zo suka nuna mini, sunana yana nan baƙi ƙirin.

Kai mai alƙalamin kaka, na jiƙa maka shi, ka dawo jibi. Ka zo da tawadar da za ka zuba masa in ɗanɗana tukuna.